Me Ya Kai Lauya Da Ɗan Banki Gidauniyar Bincike?

Duk lokacin da wata jami'a ta fitar da sunayen waɗanda za su riƙe mata gidauniyar bincike, surutu iri biyu ne ke tashi, kuma na gaji da jin kowannensu. Wasu da sun duba takarda sun ga lauya, sun ga tsohon manajan banki, sun ga mai masana'anta, sai kumfar baki ta tashi: an sayar wa 'yan kasuwa ilimi, ina aka bar farfesoshi, me ya haɗa wanda bai taɓa leƙa ɗakin gwaje-gwaje ba da harkar bincike? Wasu kuwa da sun ga an jero tsohon gwamna da sanata da janar mai ritaya sai tafi ya ɓarke, wai gidauniya ta samu iyayen gida. Na farkon sun fi ba ni takaici, domin yawancinsu masu karatu ne, kuma su ne ake sauraro idan sun yi magana.

Gidauniyar bincike dai hukuma ce mai zaman kanta da ake kafawa a gefen jami'a. Tana riƙe haƙƙin mallakar abin da malamai suka ƙirƙiro, ta ba kamfanoni lasisin sarrafa shi, ta juya kuɗin da ya shigo, ta mayar wa jami'a riba don a ci gaba da bincike. Kwamitin amintattu shi ke sa mata ido. Iyakarta ke nan. Mai karatu ya sake duba waɗannan ayyuka ya gaya mini wanne ne a ciki aikin farfesan kimiyya.

Wadda ta fi shahara a irin waɗannan gidauniyoyi tana Amurka, a garin Madison na jihar Wisconsin, ana taƙaita sunanta da WARF, wato gidauniyar bincike ta tsofaffin ɗaliban Jami'ar Wisconsin. Asalinta wani malamin kimiyyar sinadaran jiki ne mai suna Harry Steenbock. A farkon shekarun 1920 ya gano cewa idan aka haska abinci da wani nau'in haske irin wanda ke cikin hasken rana, sinadarin bitamin D yakan ƙaru a cikinsa. A wancan zamani cutar nan da ke lausasa ƙashin yara ta lanƙwasa musu ƙafafu ta addabi biranen Turai da Amurka, ga shi kuma an samu hanyar kawar da ita da araha. Steenbock ya ciro dala 300 daga aljihunsa ya nemi takardar mallakar fasahar. Kamfanin Quaker Oats ya taya ta a kan kusan dala miliyan ɗaya, kuɗin da a lokacin ya ishi mutum da jikokinsa. Bai sayar ba. So yake amfanin ya koma ga jami'arsa, amma hukumar jami'ar ba ta da shirin riƙe irin wannan kadara, kuma ba ta nuna tana so ba.

A nan ne abin lura yake. Mutumin nan farfesa ne, waɗanda suka tsaya masa wajen tsara gidauniyar su ma malamai ne: Harry Russell shugaban tsangayar aikin gona, da Charles Slichter shugaban makarantar karatun gaba da digirin farko. Da suna so su cika kujeru da abokan aikinsu babu mai hana su. Amma da aka kafa gidauniyar a watan Nuwamba na 1925, amintattu biyar na farko duk tsofaffin ɗalibai ne daga wajen jami'a. George Haight, wanda ya fara shugabantar kwamitin, lauya ne a Chicago. Timothy Brown shi ma lauya ne, daga baya ya zama alƙali a kotun ƙoli ta jihar. Lucien Hanks ɗan banki ne a Madison, William Kies harkar kuɗi yake yi a New York, Thomas Brittingham ƙarami kuma gwani ne wajen zuba jari. Jarin farko bai taka kara ya karya ba: tsofaffin ɗalibai tara suka ba da dala 100 kowannensu, jimla dala 900.

Masu cewa an ƙwace wa malamai haƙƙinsu su tsaya su yi tunani a kan abin da ya biyo baya. A 1927 aka sa hannu da Quaker Oats a kan lasisi maimakon sayarwa dungurungum, aka kuma ba kamfanonin magunguna nasu lasisin, daga baya masu sarrafa madara suka shigo. Wa ya zauna ya rubuta sharuɗɗan? Wa ya san yadda ake bin kamfani ya biya abin da ya yi alkawari, da yadda ake kai shi kotu idan ya yi gardama? Masanin sinadarai zai iya kwana yana yi maka bayanin abin da haske ke yi wa kitsen da ke cikin madara, amma ka ajiye masa yarjejeniya mai shafi arba'in da lauyoyin babban kamfani suka tsara, ka ga yadda za a yi masa sakiyar da ba ruwa. Wannan ba raini ba ne. Kowa da kiwon da ya karɓe shi.

Sai maganar juya kuɗi, wadda ita ce ba a cika faɗa ba. Takardar mallakar fasaha tana da wa'adi, a yau shekara 20 daga ranar da aka nema, bayan nan kowa na iya amfani da fasahar kyauta. Gidauniyar da ta dogara ga kuɗin lasisi kaɗai, tana rabar da shi yadda ya shigo, ranar da wa'adi ya cika ta mutu. Abin da Brittingham ya yi shi ne ya riƙa zuba abin da aka tara a hannun jarin kamfanoni masu tasowa, a zamanin da yawancin jami'o'i ke tsoron haka suna lafewa a takardun lamuni. Tallafin farko da WARF ta ba jami'a a 1928 dala 1,200 ne kacal. A shekarun 1930, da tattalin arzikin Amurka ya durƙushe, kuɗin gidauniyar ne ya taimaka aka riƙe masu bincike a bakin aiki. Yau dukiyarta ta kai biliyoyin dala, kuma babban kaso na abin da take ba jami'a kowace shekara daga ribar jari yake fitowa. Bitamin D ya kawo iri, amma waɗanda ake yi wa kallon baƙi a harkar ilimi su suka hana a cinye shi.

Kada kuma wani ya ɗauka an kori malamai daga sha'anin. An raba aiki ne, kuma rabon ya yi ma'ana. Amintattu su nemo kuɗi su tsare shi, su miƙa wa jami'a. Wane bincike za a tallafa, wane malami ya cancanta, wannan hukuncin kwamitin malaman jami'a ne. Ɗan banki ba ya zaɓar wa masani abin da zai bincika, masani ba ya zaɓar wa ɗan banki inda zai sa jari. Wanda ya ƙirƙiro abu kuma yana da kasonsa, kashi 20 cikin 100 na kuɗin lasisi. Ku yi tunanin a ce masu neman tallafin su ne kuma ke riƙe da makullin asusu. Wane shugaban sashe ne zai yarda a ajiye kuɗi don ɗaliban da ba a haifa ba, alhali rufin ɗakin gwajinsa yana yoyo yau? Ko waliyyi ne sai zuciya ta raya masa wani abu.

A ƙarƙashin wannan tsari ne aikin wani malamin jami'ar, Karl Paul Link, ya fito. A 1933 wani manomi ya kawo masa mushen saniya da jinin da ya ƙi daskarewa, saboda ruɓaɓɓiyar ciyawa da shanunsa suka ci. Daga wannan bincike aka samu warfarin, wanda aka fara sayarwa a matsayin maganin ɓera a 1948, aka amince a ba mutane a 1954 don hana jini gudaji, har aka ba Shugaban Amurka Eisenhower bayan ciwon zuciyarsa a 1955. Har gobe likitoci na rubuta shi a asibitocinmu. Lauyan gidauniyar, Howard Bremer, yana cikin waɗanda suka yi tsayin daka har aka yi dokar Bayh-Dole a 1980, wadda ta ba jami'o'in Amurka damar mallakar abin da suka ƙirƙiro da kuɗin gwamnatin tarayya. Carl Gulbrandsen, da ya shugabanci ayyukan gidauniyar daga 2000 zuwa 2016, yana da digirin digirgir a kimiyyar aikin jiki, kuma lauya ne. Erik Iverson da ya gaje shi lauya ne da ya yi aiki a gidauniyar Bill da Melinda Gates. John Morgridge, tsohon shugaban kamfanin Cisco, ya zauna a kwamitin amintattun. Shekara ɗari ana tafiya a kan turba ɗaya, ba don an rasa farfesoshi a Madison ba.

Ba ina cewa mutanen nan ma'asumai ba ne. Gidauniyar ta ƙi ba masu yin botar man tsirrai lasisin ƙara bitamin D, don kare masu kiwon shanun madara na Wisconsin, alhali ita ce botar da talaka ke iya saye, kuma 'ya'yan talaka ne cutar ta fi kamawa. A tsakiyar shekarun 1940 kotu ta soke takardun mallakar, ta kuma yi tir da wannan hali. An soki tsauraran sharuɗɗan da ta gindaya a kan ƙwayoyin halittar ɗan tayi da wani masanin jami'ar, James Thomson, ya keɓe a 1998, har ta sassauta a 2007. A 2015 ta ci kamfanin Apple dala miliyan 234 a shari'a, kotun ɗaukaka ƙara ta rushe hukuncin a 2018. Idon ɗan kasuwa yakan rufe idan ya hango riba, shi ya sa ake bukatar malamai da 'yan jarida da kotu su tsaya a kansa. Amma maganin wannan sa ido ne, ba a ɗauke gwanin lissafi a ɗora wanda bai iya ba.

Mu a nan mun ɗanɗana abin da rashin irin wannan gwaninta ke jawowa. Cibiyar binciken magunguna ta ƙasa da ke Abuja ta samar da Niprisan, maganin rage raɗaɗin ciwon sikila, daga tsirran gida. An ba kamfanin Xechem lasisi a 2002, aka ƙaddamar da maganin a 2006 da sunan Nicosan, a 2008 uwar kamfanin a Amurka ta karye, magani ya ɓace daga kasuwa shekara da shekaru, masu sikila suna nan suna shan azaba. Masana sun yi nasu. A wajen kuɗi da yarjejeniya da riƙon kamfani aka samu tangarɗa. Akwai dai wasu dalilan da ke kashe bincike a ƙasar nan, rashin wuta da yajin aiki da ficewar ƙwararru, amma waɗannan kowa ya haddace su.

To, kai tsohon ɗalibi da aka aiko wa katin gayyata zuwa ƙaddamar da asusu, ko attajirin da ake zuwa gaisarwa da kundi a hammata, kafin ka sa hannu a aljihu ka nemi sunayen amintattu. Kada taken da ke gaban suna ya ruɗe ka, Alhaji Dakta Cif Sanata duk ba sana'a ba ce. Tambayi abin da mutum ya yi da hannunsa. Ya taɓa riƙe dukiyar wasu ta ƙaru, ko tasa kaɗai ya sani? Kamfanin da ya shugabanta yana raye ko ya bar shi kango? Idan an ce lauya ne, wane irin lauya? Wanda ya ƙware a shari'ar zaɓe ko rikicin fili ba shi ne zai kare maka haƙƙin mallakar fasaha ba, kamar yadda likitan ido ba ya karɓar haihuwa. Nemi a nuna maka ko mutum ɗaya a cikinsu da ya taɓa ɗaukar abu daga ɗakin gwaji ya kai shi kanti. Idan babu, wa zai gane ƙirƙira mai daraja ranar da ta zo gabansu? Kuma a samu wanda ya san kimiyya sosai a zaune, don kada a yi wa kwamiti dodorido da manyan kalmomi.

Ka tambayi wa'adinsu: shekara nawa mutum zai yi, wa ke naɗa magajinsa. Idan duk sabon shugaban jami'a ko sabon gwamna zai iya rushe kwamiti ya kawo nasa, ka riƙe kuɗinka, domin asusun da ake so ya kai shekara hamsin ba ya jure canjin hannu duk bayan shekara huɗu ko biyar. Ka tambaya ko an rubuta cewa amintacce ba zai ba kamfaninsa ko na surukinsa kwangila ba, kuma idan maganar da ta shafe shi ta taso zai fita daga ɗakin taro. Ka tambayi nawa ake kashewa a alawus ɗin zama da otal da tikitin jirgi. Abin kunya ne a tara kuɗi da sunan bincike a ƙarar da shi a shan shayin taro, kuma wallahi amana ce da za a tambayi mutum a kanta. Ka nemi rahoton masu binciken kuɗi na waje na bara da na bara waccan, a rubuce, ba a baki ba. Ka tambayi kashi nawa na asusun aka yarda a taɓa a shekara, da wanda ke yanke hukuncin wane malami zai samu tallafi. Idan mai riƙe kuɗi shi ne mai rabawa, shi ne kuma mai binciken kansa, an ba kura ajiyar nama.

Kai kuma da aka yi wa tayin kujera, idan ka san ba za ka karanta takardun taro ba, ba za ka halarta ba sai dai ka turo wakili, ka ce a kai kasuwa. Ga malamai 'yan'uwa masu ƙorafi, ku daina ƙirga farfesoshi nawa ne a jerin. Ku nemi a rubuta a dokar gidauniya cewa zaɓen binciken da za a tallafa naku ne, a rubuta kason wanda ya yi ƙirƙira da lamba ba da "za a duba" ba, a kuma wajabta wa amintattu kawo rahoton kuɗi gaban majalisar malamai sau ɗaya kowace shekara.