Lauyan Makaranta: Shawara Kafin Shari'a

Da zarar an ambaci lauya, kotu ce ke faɗo wa mutane a rai. Amma akwai lauyan da babban aikinsa shi ne hana makaranta shiga kotu. Shugaban makaranta a Gidan Dare, cikin birnin Sakkwato, idan zai kori ɗalibi ko ya sallami malami, irin wannan lauya ya kamata ya tuntuɓa kafin ya sa hannu a takarda.

Wata shari'a ta nuna dalili. A shekarar 1983 ɗaliban Jami'ar Maiduguri suka yi tarzoma, aka kafa kwamitin bincike, aka kori wasunsu. Sai dai shugaban kwamitin yana cikin waɗanda tarzomar ta yi wa ɓarna. A 1986 Kotun Ƙoli ta soke korar, domin mai ƙara ba ya zama alƙali. Haka kuma a 1985 ta mayar da Farfesa Olaniyan da abokan aikinsa bakin aiki a Jami'ar Legas, saboda an sallame su ba bisa matakan da dokar jami'ar ta shimfiɗa ba.

Don haka lauyan yakan ja hankalin hukumar makaranta ga sashe na 36 na Tsarin Mulkin 1999: a rubuta wa wanda ake tuhuma laifinsa, a ba shi lokaci ya kare kansa, a kuma ɗora binciken a hannun waɗanda ba su da ruwa da rigimar.

Ɗalibin da ke sha'awar wannan aiki zai iya karanta fannin shari'a a Jami'ar Usmanu Danfodiyo, sannan ya wuce Makarantar Horar da Lauyoyi ta Nijeriya.