Yawaitar Ƙiba a Duniya da Alaƙarta da Cimaka

Ƙiba ita ce taruwar kitse a jiki har ya kai ga cutar da lafiya. Likitoci suna auna ta ne ta hanyar gwada nauyin mutum da tsayinsa: a raba yawan kilonsa da tsayinsa na mita, a sake raba abin da ya fito da tsayin. Idan sakamakon ya kai 25, nauyi ya wuce kima. Idan ya kai 30, ƙiba ta tabbata. Mai tsayin mita 1.7, alal misali, yana shiga sahun masu ƙiba da zarar ya kai kimanin kilo 87.

Alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya sun nuna cewa a shekarar 2022 mutum ɗaya cikin kowane takwas yana da ƙiba, wato sama da mutum biliyan ɗaya. Daga 1990 zuwa lokacin, yawanta a tsakanin manya ya ninka har da ɗoriya, a tsakanin matasa kuwa ya ninka sau huɗu. A da ana yi mata kallon ciwon ƙasashe masu arziki irin su Amurka, amma yau tsibiran tekun Fasifik kamar Tonga da Nauru suna kan gaba. Tana kuma ƙaruwa a biranen Afirka, har akan tarar a gida ɗaya uwa na fama da ƙiba, ɗanta na fama da tamowa.

Babban abin da ya kawo haka shi ne canjin cimaka. Abincin masana'anta, irin su lemon kwalba, biskit, alawa da taliyar leda, ya yi araha, ya shiga kowane lungu. Irin wannan abinci cike yake da sukari da mai da gishiri, an kuma raba shi da dusa da harza masu riƙe ciki, shi ya sa mai cinsa ba ya jimawa yunwa ta dawo. Hukumar ta ba da shawarar kada sukarin da babba ke sha a yini ya wuce kimanin giram 50, alhali gwangwani ɗaya na lemo kan ɗauki giram 35. Ga kuma ƙarancin motsa jiki: mota da babur sun maye gurbin tafiyar ƙasa, zaman ofis da kallon waya sun maye gurbin aikin ƙarfi. Abin da jiki bai ƙona ba kuwa kitse yake komawa.

Illar ba ƙarama ba ce. Ƙiba tana buɗe ƙofa ga ciwon suga, hawan jini, ciwon zuciya, shanyewar ɓarin jiki, ciwon gwiwa da wasu nau'o'in ciwon daji. A ƙasar Hausa, inda ake ɗaukar teɓa alamar hutu da wadata, har wasu na shan magungunan ƙara ƙiba, haɗarin kan ɓuya sai ciwo ya bayyana.

Gwamnatoci sun fara ɗaukar mataki. Meziko ta sa haraji a kan lemon zaƙi a 2014, Afirka ta Kudu da Birtaniya suka bi a 2018, Najeriya kuma ta fara karɓar naira 10 a kan kowace lita a 2022. A cikin gida kuwa, rigakafin ya haɗa da rage zaƙi da soye-soye, da yawaita cin gero, dawa, wake, zogale da 'ya'yan itatuwa, da tafiyar ƙasa ta aƙalla rabin awa a yawancin ranakun mako.