Ka kwance murfin baƙin mai injin ya fara rawa? Kada ka yi saurin sauke shi



A daminar bara mahaifina ya kusa biyan kuɗin sauke inji a banza. Muna da wata tsohuwar Golf da muke zirga-zirga da ita tsakanin Abbatuwa ta Oko-Oba da kasuwar Kara. Rannan muka kai ta wani gareji saboda birki. Ana cikin aiki sai mai garejin ya ɗaga bonet, injin yana aiki, ya kwance murfin da ake zuba baƙin mai. Nan take motar ta kama karkarwa kamar za ta mutu. Ya mayar da murfin, ta daidaita. Ya sake kwancewa, ta sake rawa. Sai ya dubi Baba ya ce ai ga shi Alhaji ya gani da idonsa, injin ya gaji, sai an sauke an canza ringi. Kuɗin da ya faɗa ya kusa na ɗan maraƙi.

Baba ba ya yanke ciniki da bakin mutum ɗaya, don haka muka wuce wurin wani dattijon bakanike a Agege. Shi ma ya kwance murfin, injin ya yi rawar nan, sai ya ɗora tafin hannunsa a bakin ramin na ɗan lokaci. Ya ce, "Alhaji, motarka numfashi take yi. Da ka buɗe ba ta nuna komai ba, da shi ne zan ce a duba." Ko sisi bai karɓa ba.

Tun daga ranar na riƙa tambaya ina karantawa har na gane abin da yake nufi. Ga shi, don wani ya tsira da kuɗinsa.

Cikin inji ma yana tara iska

Duk wanda ya taso cikin shanu ya san saniya tana tara iska a tumbinta, kuma dole ta riƙa gyatsa. Ranar da gyatsar ta tsaya, ciki ya kumbura, in ba a yi sauri ba sai wuƙa. To inji ma haka yake. Duk lokacin da fetur ya kama da wuta a saman fistan, wani ɗan hayaƙi yana silalewa ta gefen ringi ya gangara ƙasa inda baƙin mai yake kwance. Ko sabon inji dal yana yin wannan, sai dai kaɗan ne. In hayaƙin bai sami mafita ba, zai cika cikin injin, ya riƙa tura mai ta gaskit da sauran robobin da ke tare shi, kuma ya gurɓata man.

Motocin da can baya wani bututu kawai ake saka musu yana zubar da hayaƙin ƙasa a kan titi. A 1961 jihar Kalifoniya ta Amurka ta fara tilasta wa sababbin motoci su mayar da shi cikin inji a sake ƙona shi, daga baya abin ya zama ruwan dare. Ƙaramin bawul ɗin da ke wannan aiki shi ake kira PCV. Yawanci yana kan murfin saman inji, da tiyo wanda ya haɗa shi da maƙogwaron da iska ke bi ta shiga inji. Idan mota tana tsaye injin yana aiki ba a taka totur ba, abin da direbobi ke cewa silo, maƙogwaron nan yana zuƙa da ƙarfi. Da wannan zuƙar yake janyo hayaƙin daga inda mai yake.

Me ya sa silo ke canzawa?

Motocin injekta suna da kwamfuta, wadda makanikai ke cewa ƙwaƙwalwar mota. Aikinta ta auna iskar da ta shiga, ta ba da fetur daidai da ita: a nauyi, kusan kashi 14.7 na iska ga kashi 1 na fetur. Motoci da yawa suna da ma'aunin iska a bayan matatar iska, duk iskar da za ta shiga sai ta bi ta gabansa an ƙirga ta, kamar yadda ake ƙirga shanu a bakin ƙofar kara.

Da ka kwance murfin mai, ka buɗe wata ƙofa ta baya. Iska za ta shiga ta ramin, ta bi ta PCV, ta faɗa inji ba tare da an ƙirga ta ba. Iska ta yi yawa, fetur ya yi kaɗan. A silo injin yana juyawa a hankali, wajen 600 zuwa 900 a minti idan ya yi zafi, kuma iskar da yake sha ba ta da yawa, shi ya sa ɗan ƙari kaɗan yake rikita lissafi. Sai ka ji ya yi rawa, ko allurar ta sauka, ko ta ɗan hau. Wani lokaci kwamfutar tana gyara kanta bayan 'yan daƙiƙu. Ka mayar da murfi, komai ya koma daidai. Wannan ba ciwo ba ne.

Ba kowace mota ce ke nunawa iri ɗaya ba. Wasu ba su da wancan ma'aunin, ƙarfin zuƙar cikin maƙogwaro suke aunawa, irin su da ƙyar za ka ji bambanci. Injin gas kuma, irin na tireloli da ke kawo mana shanu daga Arewa, ba ya zuƙa a silo yadda na fetur yake yi, don haka silonsa ba ya damuwa da murfi.

Abin dubawa shi ne iskar bakin ramin

Abin da dattijon nan ya ji da hannunsa, kai ma za ka iya ji. Bari injin ya yi zafi, mota tana tsaye an ja birkin hannu. Naɗe hannun riga, ka yi nesa da fanka da bel. Kwance murfin a hankali, ka kusantar da tafin hannu ko takarda mai kauri bakin ramin. Kada ka yi amfani da tsumma ko leda, injin zai iya janye su ciki.

Idan ka ji ɗan ja mai sauƙi, ko ɗan bugun iska marar ƙarfi, lafiya lau.

Idan murfin ya ƙi ɗaguwa sai ka sa ƙarfi, ko kana jin fito kamar na usur, zuƙar ta wuce ƙa'ida. Galibi bawul ɗin PCV ne ya maƙale a buɗe, ko robar cikinsa ta yage, abin da aka fi gani a wasu motocin Turai. Irin wannan motar silonta yakan yi rawa ko da murfin yana rufe, tana shan mai, fitilar inji tana iya kamawa, in an sa kwamfuta a ga lamba irin P0171, wadda ke nufin iska ta rinjayi fetur. Gyaransa canza bawul ne ko murfin saman, ba sauke inji ba.

Idan kuwa hayaƙi ne ke fitowa bul-bul da ƙarfi, ka ɗora murfin ba ka ɗaure ba yana tsalle har ya faɗo, to akwai magana. Ko dai PCV da tiyonsa sun toshe da datti, ko ringi sun cinye. A fara da mai arha: a cire bawul da tiyo a duba. In suna da kyau, ka sa a kwance filogi a auna ƙarfin matsin kowane fistan da geji. Wannan awon ne zai nuna ko ringi ne. Kada ka yarda a sauke maka inji ba a yi shi ba.

Masu zuwa Berger ko Kwatano sayen tokunbo, wannan gwajin bai kai minti biyu ba. In dillali ya hana ka taɓa murfin, ka sake tunani.

Yadda ake ƙara mai

Akwai wata ɗabi'a da nake gani a tashoshi: a bar inji yana aiki ana tuttula masa mai, wai don ya zaga. Ba shi da amfani. A ƙarƙashin murfin nan ƙarafa ne ke juyawa suna fantsalo mai mai zafi, kuma ba za ka san iya man da ke ciki ba muddin yana yawo a sama.

Tsayar da mota a wuri mai daidai, ba gangare ba. Kashe injin, ka jira minti 5 zuwa 10 man ya sauko. Zaro sandar awo, goge ta, mayar da ita har ƙarshe, sannan ka sake zarowa ka duba. Akwai alama biyu, ta ƙasa da ta sama. A yawancin ƙananan motoci tazarar da ke tsakaninsu kusan lita 1 ce. Don haka in man yana tsakiya, ba ka buƙatar lita guda. Zuba kaɗan, jira, sake aunawa. Ka sa irin man da littafin motar ya ce, wasu ma an rubuta a kan murfin, misali 5W-30. Ba kowace mota ce ke son 20W-50 ba don kawai shi ne a kusa.

Kada ka ce bari in cika mata ta ƙoshi. In mai ya wuce alamar sama da yawa, ƙarfen da ke juyawa a ƙasa zai riƙa dukansa yana kumfa, kuma kumfa ba ya tsare ƙarfe daga cin ƙarfe. Sannan PCV zai riƙa zuƙo shi yana kai wa inji, sai ka ga shuɗin hayaƙi a salansa, filogi su yi datti, silo ya lalace da gaske.

In bayan ƙarin mai silo bai koma daidai ba

Man da ka ƙara daidai gwargwado ba ya canza silo. Kafin ka nufi gareji, duba abubuwa huɗu. Ka ɗaure murfin sosai, ko ya hau a karkace? Robar da ke cikin murfin ta bushe ko ta tsage? Sandar awo ta shiga har ƙarshe? Ita ma ƙofa ce, in ba ta zauna ba iska na shiga. Ko gwiwar hannunka ta ture wani tiyo lokacin da kake zubawa? In duk waɗannan lafiya, sake auna man, wataƙila ya yi yawa, a rage.

Abu ɗaya da ba a jinkiri da shi: jar fitila mai hoton butar mai. A yawancin motoci ba tana cewa mai ya ɗan ragu ba ne, cewa take ƙarfin da ke tura man ya faɗi. Ko a kan gadar Third Mainland ta kama, nemi gefe ka kashe injin. 'Yan mintuna kaɗan sun isa inji ya buga.

Ita dai Golf ɗinmu har yau ba a taɓa sauke injinta ba. Robar murfin kawai muka canza, a Ladipo na sayo ta. Har yanzu in na kwance murfin tana rawarta, Baba ya ce in rufe mata baki mu tafi.

Allah ya tsare mana hanya, ya sa albarka a nema.