Tsohuwar tarakta da kundin da ke tsawaita ranta

A rangadin da muke yi na cibiyoyin yaƙi da jahilci mun sauka wani gari a bakin Gulbin Maraɗi. Nan muka tarad da jar tarakta a gindin gawo, tayoyinta sun sace, kaji suna ƙwai a mazaunin direba. Ta ƙungiyar manoma ce, da kuɗin gyaɗarsu suka saye ta. Damana biyu ke nan ba ta motsa ba. Muka tambayi yaushe aka yi mata juyen baƙin mai na ƙarshe. Wani ya ce kafin azumi, wani ya ce bayan sallar layya. Muka tambayi lambar injinta, aka yi shiru. Ashe sau biyu ana aika mutum Kano neman kayan gyara, yana dawowa da abin da bai shiga ba.

Taraktocin da ke karkararmu da yawansu sun tsufa. Irin su Massey Ferguson 135 da 165 an ƙera su tsakanin 1964 da 1975. Amma injinsu na Perkins mai sauƙin gyara ne, kuma har yau ana samun kayansa. Abin da ke kashe su a ƙasarmu uku ne: ƙura, gazuwal marar tsabta, da mantuwa.

Ƙura ita ce babba. Inji yana shaƙar iska kamar mutum. In rairayi ya bi iskar ya shiga, sai ya riƙa cin ƙarfen ciki a hankali, har inji ya rasa ƙarfi. Tsofaffin taraktoci da yawa suna da kwano mai baƙin mai a ƙarƙashin matatar iska, shi ke kama ƙurar. A lokacin aiki a duba kwanon nan kowace safiya. In laka ta taru a gindinsa a zubar, a wanke, a zuba sabon mai daidai layin da aka zana. Aikin bai kai shan shayi ɗaya ba, amma shi aka fi mantawa.

Kafin a tayar da inji a zaro sandar awon mai a gani. A duba ruwan lagireto, a share ciyawar da ta toshe gabansa. A matsa bel ɗin fanka da yatsa, a sa giris a gaɓoɓi. Gazuwal kuwa, in an sayo shi cikin duro, a bar shi ya kwana biyu ya kwanta, a tace da matata mai tsabta, kada a kwashi na gindi. Kada a bar tanki ya ƙafe ƙaf, domin iska za ta shiga bututu, inji ya ƙi tashi sai an fitar da ita.

To, ina amfanin karatunmu a nan? A sayi kundi guda, a rubuta sunan tarakta a bangonsa. A shafi na farko a kwafe lambobin da ke kan ƙaramin allon ƙarfe na jikinta, da lambar da aka buga a jikin inji, harafi da harafi. Bayan haka kowace rana sakataren ƙungiya ya rubuta kwanan wata, gonar da aka noma, awa nawa aka yi, lita nawa aka sha. Ana juye baƙin mai da canja matatarsa bayan awa 200 zuwa 250 na aiki, kuma a ƙurarmu gara a gaggauta da a jinkirta. Agogon ƙirga awoyi na tsofaffin taraktoci sau da yawa ya mutu. Kundin ne zai maye gurbinsa.

Ranar da ta lalace, kada a bari kowa ya ɗauko sifana. Mun ga inji da aka warwatsa a kan tabarma, yara suna wasa da ƙusoshinsa. A fara rubuta abin da aka gani. Hayaƙi baƙi yana nuna iska ba ta isa, ko gazuwal ya yi yawa. Shuɗi yana nuna inji yana ƙona baƙin mai, wato ya ci daga ciki. Fari mai ɗorewa yana iya zama ruwa ne ya shiga inda bai kamata ba. In baƙin mai ya koma kamar madara, a kashe inji nan take.

Wa za a kira? Mai gyaran babur ko ƙaramar mota mai fetur ba shi ne ba, ko da ɗan gari ne mai kirki. A nemi makanike na injin gazuwal, irin masu gyaran manyan motoci a garejin Maraɗi, Damagaram, Tawa da Ƙonni. Manoman wuraren ban ruwa kamar Jiratawa sun san waɗanda suka iya, a tambaye su. Famfon gazuwal ba a buɗe shi a ƙauye: a cire shi ɗungurungum, a naɗe da tsabta, a kai wa masu injin gwada shi a birni. Makanike na gari yakan saurara kafin ya kwance, ya faɗi kuɗin aiki tun farko, ya maido da tsohon ƙarfen da ya cire. A yi ciniki gaban mutum biyu na ƙungiya, a rubuta.

Kayan gyara da yawa daga Kano suke zuwa, ta Katsina da Jibiya ko ta Daura, na Ƙonni kuma ta Illela. Mai tafiya ya riƙe tsohon ƙarfen da lambobin da ke kundi. Mai waya ya ɗauki hotonsu ya aika wa mai kanti tun kafin ya biya kuɗin mota. Dattawa sun tuna Janairun 1994, lokacin da aka karya darajar sefa da rabi, kayan waje suka yi tsada ƙwarai. Shi ya sa muke ganin kuskure ne a raba kuɗin hayar tarakta duka. A ware kason gyara daga kowace gona. A yi babban gyara da rani, tun watan Maris ko Afrilu. In aka jira ruwan shuka, makanike ba shi da lokaci, ƙasa kuma ba ta jira.

Sai maganar lafiya. Kada a buɗe murfin lagireto inji na da zafi, tururin yana ƙona fuska. Kada a zuƙi gazuwal da baki. Mai babbar riga ko rawani ya nisanci sandar da ke juyawa a bayan tarakta, domin tana naɗe tufa ta ja mutum. Mazauni ɗaya ne, ba a ɗora yara a kan murfin taya. Tsohon baƙin mai kada a zuba shi kusa da rijiya, kada kuma a shafa wa ƙurji ko miki, na mutum ko na dabba.

Ƙungiyar garin nan mun bar su sun kwafe lambar injinsu. Wata mata ƴar aji na biyu ce ta rubuta, domin rubutunta ya fi fita. Mun yi alkawarin duba kundin a rangadi mai zuwa.