Kayan aiki masu araha: a saya ko a bari?

Dogarawa tana bakin babbar hanyar kwalta wadda ta taso daga Yamai, ta bi ta Birnin Ƙonni da Malbaza, ta wuce Galmi da Madawa har Maraɗi. Ran kasuwa, ƴan koli sukan shimfiɗa buhu a ƙasa su baza kayansu: guduma, filaya, sukudireba, almakashi, zarto da sifana, wadda masu gyaran moto ke kira kile. Duka suna ƙyalli, kuma kuɗinsu kaɗan ne. Da yawa daga cikinsu a ƙasar Sin aka ƙera su. Wasu ta Najeriya suke shigowa, su biyo ta Illela, garin da ke tsallaken iyaka kusa da Ƙonni. Wannan Illela daban take da Illela ta jihar Tawa.

Can da, kayan aikin Turai ake samu a kantuna. A watan Janairu na 1994 aka karya darajar kuɗin sefa da rabi, sai kayan Turai suka yi tsada ƙwarai. Tun daga nan mutane suka ƙara juyawa ga masu araha.

Kafinta da makanike ba su da shakka. Da kayan aikinsu suke cin abinci, don haka nagari suke nema ko da tsada. Mai tambaya shi ne maigida wanda ba sana'arsa ba ce. Shi sai jefi-jefi yake ɗaukar guduma: yau ƙusa ta fita daga ƙyauren ɗaki, wata mai zuwa sirdin keke ya saki. Ya dace ya zuba kuɗi mai yawa a kan abin da zai kwana wata uku cikin kwano ba a taɓa shi ba?

Kafin a amsa, sai a san abin da ya raba ƙarfe da ƙarfe.

Ƙarfen kayan aiki ba zalla ba ne. Akwai ɗan sinadarin gawayi a cikinsa, wanda ake kira karbon. In karbon ya yi kaɗan ainun, ƙarfen yakan zama mai taushi, ya lanƙwashe kamar waya. In ya wuce kashi 2 cikin 100, sai ya yi gautsi, ya fashe in an doke shi. Ƙarfen kayan yanka nagari yana tsakani, bai cika wuce kashi 1 cikin 100 ba. Bayan an ƙera shi, akan gasa shi har ya yi ja, a tsoma shi cikin ruwa ko mai don ya yi tauri, sa'an nan a sake ɗumama shi kaɗan don kada taurin ya yi yawa ya karye. Wannan aiki yana cin lokaci da wuta. Masana'antar da ke son sayarwa da araha, nan take rage kuɗi: ta sa ƙarfe mai taushi, ta gaggauta gashi, ta shafa masa abin ƙyalli a bisa. Ido ba ya gane wannan a kasuwa. Aiki ne ke tona shi.

To, amma ba kowane aiki ke bukatar ƙarfe mai tauri ba. A ce akwai sukudireba biyu, ɗaya dala 60, ɗaya jika 1 da rabi, wato dala 300. Maigida yana buɗe bayan rediyo ko fitila sau huɗu a shekara. Ta dala 60 za ta yi masa wannan aiki shekara da shekaru. Ko ta lalace ya sayi wata, har sau uku, bai kai kuɗin mai tsadar ba. Ga kuma yara masu ɗauka su yi wasa su yar cikin rairayi, ga maƙwabci mai aro ya manta. A nan mai araha ta fi. Haka filayar lanƙwasa waya, haka almakashin yanka zare da takarda. Hausawa sun ce araha ba ta ado, amma sukudireba ba don ado ake sayenta ba.

Sifana kuwa wani zance ne. Kowace sifana tana da lamba a jikinta: 10, 13, 15, 17. Lambar tana nuna faɗin bakinta da milimita. Notin ƙafar keke, alal misali, yawanci lamba 15 yake ɗauka. Sifana tagari takan kama noti cif. Mai taushi kuwa, da an danna ta da ƙarfi sai bakinta ya buɗe kaɗan, ta zame, ta cinye kusurwoyin notin. Noti mai kusurwa shida ya koma kamar ƙwallo, babu sauran sifanar da za ta kama shi.

Galmi, garin da albasarsa ta yi suna a Afirka ta Yamma duka, yana cikin ƙaramar hukumar Dogarawa. Da rani, manomin albasa da injin ban ruwa yake rayuwa. In noti ɗaya ya lalace a jikin injin, sai a ɗora shi bisa amalanke a kai wa makanike. A biya amalanke, a biya makanike, kuma fangalai su kwana biyu ba ruwa a tsakiyar zafi. Dala nawa aka rage wajen sayen sifanar, jika nawa aka yi hasara? Sifana ɗaya ko biyu masu kyau, daidai lambar notocin injin, sun fi jerin goma sha biyu masu ƙyalli.

Guduma ita ce ta fi haɗari. Kan wasu gudumomi masu araha na ƙarfe mai gautsi ne. In aka doki wani ƙarfe da shi, ɓarɓashi yakan tashi kamar harsashi, kuma ido ba shi da na canji. In kuma ƙotar ba ta zauna daidai ba, kan yakan fice ya tafi inda ya ga dama, sau da yawa inda yara ke tsaye suna kallo. Duk abin da ake sara ko duka da shi, a duba kansa da ƙotarsa sosai kafin a biya.

Akwai kuma araha wadda ba daga nesa take zuwa ba. A zamanin kakanni, maƙeran Adar sukan haƙo tama su narka ta da gawayi su fid da ƙarfe. Yanzu tsofaffin ƙarafan mota suke saye. Sifirin babbar mota ƙarfe ne nagari mai ɗaukar tauri, da shi ake ƙera gatari da gizago da adda. Kayan maƙeri ba su da ƙyalli, baƙaƙe ne, ga tabon guduma a jikinsu. Amma in gatari ya dakushe ko bakinsa ya lanƙwashe, sai a mayar wa wanda ya ƙera shi. Ya sa shi a wuta, yaronsa ya ja zugazugi, ya buge bakin ya wasa. In ƙota ce ta karye, masassaƙi ya sassaƙa wata. Maƙeri ba ya ƙera sifana mai lamba, wannan aikin masana'anta ne. A wajen kayan sara da na noma kuwa, shi ya kamata a fara tambaya.

Mai saye yana iya gwada kaya tun a gaban ɗan koli. Ya ɗaga filaya sama, ya rufe ta, ya duba: in haske yana wucewa tsakanin haƙoranta, ba za ta kama siririyar waya ba. Ya zo da noti a aljihu ya sa a bakin sifana, ya ji ko tana girgiɗi. Ya riƙe guduma ya girgiza. Bayan an kai su gida, a goge su, a shafa musu ɗan baƙin mai kafin damina saboda tsatsa, a rataye su a ƙusa inda hannun ƙananan yara ba ya kai.