Macijiyar Talabijin da Hukuncin Jini a Zangunan Gana

Tun wajen shekarar 2015, lokacin da tashar Adom TV ta ƙasar Gana ta soma nuna wasan Indiya mai suna Kumkum Bhagya da harshen Twi, har ta riƙa zaunar da mutane bayan kowane kashi suna tattauna halin 'yan wasa kamar dai maƙwabtansu ne, kallon wasanni masu dogon zango ya zama al'adar bayan isha'i a gidaje da dama, daga bakin teku har zuwa zangunan Salaga da Yendi da Bawku. Hausawan waɗannan garuruwa sun fi wasu rabo, gama ban da abin da tasoshin Gana ke nunawa, suna kama Arewa24 ta tauraron ɗan adam, kuma fassarar Hausa ta finafinan Indiya tana iso musu daga Kano ta wayar hannu. To, a cikin wannan kaya da ke shigowa akwai wani iri da ya fi sauran tada jijiyar wuya, watau wasan da ake buɗewa da kisan gilla, a ɓoye gawa, 'yan sanda su yi ta bincike a banza, sa'an nan wani abu daga gaibu, ko aljani ko fatalwa ko mafarki, ya zo ya tona asirin mai laifi.

Fitaccen misalinsa shi ne Naagin, wanda Ekta Kapoor ta shirya, tashar Colors ta Indiya ta fara nunawa a watan Nuwamba na 2015. Labarin Shivanya ne, macijiya mai rikiɗa ta zama mace, wadda mutum biyar suka kashe mata iyaye saboda kwaɗayin wani dutse mai daraja da suke tsaro, ita kuwa ta shiga gidan maƙiyan ta hanyar aure tana bin su ɗaya bayan ɗaya. Dattawan da suka ga Nagin na 1976 ko Nagina na 1986 a gidajen silima sun san wannan macijiya tun ba yau ba. Haka kuma wanda ya ga Living in Bondage na Nijeriya, na 1992, inda mutum ya ba da matarsa ga ƙungiyar asiri don ya yi arziki, fatalwarta ta hana shi sakat, ya san Afirka ba ta jira Indiya ta koya mata wannan salo ba.

Abin lura shi ne yadda masu kallo ke karɓarsa. Daren da azzalumi ya faɗa hannu, sai ka ji tsakar gida ta ɗauka da "Allah ya ƙara!", wata uwa ta ce alhaki kwikwiyo ne, washegari kuma a ci gaba da zancen a bakin famfo da rumfar tela da ƙungiyoyin WhatsApp, ana hasashen wa zai bi baya. Samari suna dariyar macijin da aka haɗa da kwamfuta, amma ba sa tashi sai an gama. Malamai kuwa sukan yi tir da abin a wa'azi, suna cewa tallar shirka ce da girmama bokaye, kuma suna da hujja, domin bautar gumaka a fili take a cikin wasan. Sai dai a ganina abin da ke zaunar da jama'a gaban akwatin ya fi sha'awar tsafi zurfi: ƙishin adalci ne, a ƙasar da ta ga jini ya zuba sau da yawa ba a kama kowa ba.

Duk wanda ya san tarihin waɗannan garuruwa uku zai gane manufata. Salaga, kasuwar goro da fataken Hausa suka yi ƙarnoni suna taka daji dominta, yaƙin basasar 1892 ne ya watsa ta, har Alhaji Umaru, malamin nan haifaffen Kano, ya yi ƙaura zuwa Kete Krachi, inda ya rasu a 1934. A Yendi, cikin watan Maris na 2002, aka kashe sarkin Dagbon, Ya-Na Yakubu Andani na Biyu, a fadarsa tare da mutane da dama, gwamnati ta kafa hukumar bincike ta Wuaku, aka gurfanar da wasu, kotu ta sallame su a 2011, kuma sai a Janairun 2019 Dagbon ta sami sabon Ya-Na. Bawku kuma ta daɗe tana kwana da dokar hana fita saboda rikicin sarauta tsakanin Kusasi da Mamprusi. Mutumin da ya tashi cikin irin wannan hali, idan aka nuna masa duniyar da mai kisa ba ya tsira ko da ya sayi alƙali ya sayi shaidu, yaya za a yi zuciyarsa ba ta yi sanyi ba? Ban ga laifinsa a kan haka ba.

Masu kare wasan daga cikin almajirai sukan kawo ƙissar da ke cikin Suratul Baƙara, ta mamacin Bani Isra'ila da aka buga da wani yanki na saniyar da aka yanka, Allah ya raya shi ya faɗi wanda ya kashe shi. Ƙissar gaskiya ce, har ma malaman Malikiyya sun kafa hujja da ita a kan cewa idan wanda aka yi wa rauni ya ambaci mai jininsa kafin ya cika, maganarsa tana da nauyi. Amma fa a duba yadda fiƙihu ya ɗaure wannan ƙofa. Wancan al'amari mu'ujiza ce ta Annabi Musa, tsira da aminci su tabbata a gare shi, a gaban idon jama'a. Maganar mai rauni kuma ba ta isa a zartar da ƙisasi da ita ita kaɗai, sai magada sun yi rantsuwa hamsin a gaban alƙali, wadda ake kira ƙasama, kamar yadda duk wanda ya sauke Risala ta Ibn Abi Zaid a zaure ya karanta a babin jini. Asalin ƙa'ida shi ne mai da'awa ya kawo shaidu adilai, wanda ya musa ya rantse. Mafarki ba shaida ba ne ko da na salihi ne, balle maganar mai duba ko ta wanda aljani ya hau.

A nan ne damuwata take, domin waɗannan wasanni suna koya wa ido wata ɗabi'a, cewa akwai mai gani abin da sauran mutane ba sa gani, kuma da zarar ya nuna da yatsa shari'a ta ƙare, saura hukunci. A cikin wasa mai ganin ba ya kuskure, tun da marubucin ya riga ya nuna mana kisan da idonmu. A cikin gari babu wanda ya nuna mana kome. Ranar 23 ga Yuli 2020, a ƙauyen Kafaba da ke kusa da Salaga, wata mai duba da aka gayyato don ta tsarkake gari ta nuna wata tsohuwa mai shekara 90, Akua Denteh, ta ce mayya ce, aka yi ta dukanta a bainar jama'a har rai ya yi halinsa, alhali mutane na tsaye suna kallo, wani ma yana ɗauka da waya. Ba na ɗora wa talabijin wannan jini, gama zargin maita ya girme ta nesa ba kusa ba, kuma sansanonin da matan da aka kora daga gidajensu ke fakewa, irin na Gnani kusa da Yendi da na Gambaga, sun daɗe da kafuwa. Abin da nake cewa shi ne, zuciyar da ta saba tafa wa mai nuna yatsa kowane dare, ba ta saurin cewa "ina shaida?" ranar da aka nuna maƙwabciyarta.

Kuma abin da ya kama masu laifin Kafaba shi ne hoton nan na waya da shaidar mutane da haƙurin bin kotu, har babbar kotun Tamale ta ɗaure mata biyu shekara 12 kowace a watan Yuli na 2023. A cikin wannan wata majalisar dokokin Gana ta amince da dokar da za ta haramta zargin mutum da maita, amma Shugaba Akufo-Addo bai sa mata hannu ba har ya sauka a Janairun 2025.

Saboda haka ina kira ga malaman zango da kada su tsaya ga haramta kallo, wanda da wuya a ji, su karantar da babin shaida da ƙasama a majalisin da mata da samari ke halarta. Ku kuma iyaye da kuke zama da yara gaban akwatin, idan macijiya ta gama da azzalumi aka yi shewa, ku tambaye su: da a unguwarmu ne, wa ya gani, kuma gaban wane alƙali za a kai maganar?