Kafin a ɗora bulo a kan tsohuwar katanga

A Karofane, cikin gundumar Buza, rani ne lokacin gyaran gida. An gama girbi, kuɗin ƴan ci-rani sun fara shigowa daga Abijan ko Libiya, sai ka ga ana yaye rufin azara ana buga kwano, ana fasa katanga a fitar da shago bakin hanya. Ka tambayi mai gida takardar izinin gini, zai dube ka ya ce: "Gidan ubana ne, wa zan tambaya?"

Dokar kuwa tana nan. Nijar ta yi dokar tsara birane a 2017, ta biyo da ta gini da gidajen zama a 2018, kuma ma'aikatar magajin gari ce ƙofar neman izini. Abu biyu ake fara nema: shaidar cewa filin naka ne, da zanen abin da za ka gina. Na farkon ne ke kayar da mutanen karkara, don yawancin gidajen gado ba su da takarda sai shaidar maƙwabta. Tun 1993 dokar karkara ta tanadi hukumomin filaye da ake kira Kofo, kuma maigari na iya sa hannu a takardar mallaka ta gargajiya. Sai rigima ta tashi ake tunawa da su.

Ba wanda zai ce mai yaɓen shekara ko mai sake indararo ya je neman izini. Inda lamarin ya zama na jama'a shi ne inda aka taɓa nauyi ko hanyar ruwa. Magini ya jera bulon siminti layi uku a kan katangar laka da gindinta ya riga ya zaizaye. Wani ya ciyo taku biyu cikin lungu, ruwan da ke gangarowa daga duwatsun Adar zuwa kwarin Majiya ya rasa hanya, ya kwana a gindin ɗakin maƙwabci. Laka ba ta jure haka. A damanar 2024 gidaje dubbai sun rushe a Nijar, har tsohon masallacin Damagaram bai tsira ba.

A ganina, neman zanen injiniya daga manomin albasa wahalar da shi ne kawai. Abin da ƙaramar hukuma irin Karofane za ta iya shi ne ta turo mutum guda da ya san gini, ya tsaya tare da maigari da maƙwabta, a duba iyaka, a duba tubali, a nuna inda ruwa zai bi, a rubuta, kafin a kwaɓa ƙasa.